Bayani a Kan Sarin Tumatirin Gwangwani

Zuwa ga 'yan'uwa fatake da masu abincin sayarwa na Maruda da Gwandu da Kalgo.

Ku sani, ɗanyen tumatir da rani yake araha. In damina ta sauka sai ya yi wuya, masu tuwo su koma ga kauɗa da gwangwani, saboda haka mai hankali yakan yi sarinsa tun ruwa bai zauna ba. A 2016 tsutsa ta cinye gonakin Kano, har masana'antar Dangote ta Kadawa ta tsaya. A 2020 kuwa kamfanin GBfoods, masu Gino, ya kammala tasa a ƙasar Ngaski, nan jiharmu.

To, mai sari a Jega ko Birnin Kebbi ya sa a buɗe masa katon na ƙasa, ba na sama ba, ya duba lambar NAFDAC da ranar cikar wa'adi. Gwangwanin da ya kumbura aibi ne, malaman fiƙihu kuwa sun yarje wa mai saye ya mayar in an ɓoye masa. Wani kuma, Allah shi kyauta, sitaci ne da jan launi. A tukunya asirinsa ke tonuwa, miya ta yi kauri babu ɗanɗano.