Wa Ya Kamata Ya Ci Tsokar da Ke Cikin Miya?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Dungas ta Nijar zuwa Maigatari a daren Laraba ko da sanyin safiyar Alhamis ya san abin da idonsa zai gani: shanu, raguna da awaki, wasu ana kora a ƙasa, wasu an shaƙe su a mota, duk sun nufi babbar kasuwar da ke bakin iyaka a jihar Jigawa. Daga can sai Kano, sai kudancin Najeriya. Baƙon da ya ga haka zai rantse masu wannan kiwo da nama suke karin kumallo. To ya bi ɗaya daga cikinsu gida, a Dogo-Dogo ko Malawa ko Guci, ya leƙa tukunya. Tuwon hatsi ne da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, ta ji daddawa ta ji barkono, nama kuwa sai labari. Dabba a nan asusu ce. Ita ce kuɗin magani, ita ce kayan ɗakin ɗiya, ita ce buhun hatsin da za a sayo idan rumbu ya yi ƙasa. Wuƙa ba ta hawa wuyanta sai da dalili: layya, suna, biki, ko kuwa ta kwanta ana gudun ta yi mushe.

Abin da ya sa na faro daga nan shi ne wata muhawara da ta daɗe tana ci a Turai da Amurka, wadda wayar hannu ta shigo mana da ita har tsakar gida. Wannan ya turo maka bidiyo yana cewa nama guba ne, shi ke kawo ciwon daji da ciwon zuciya, wanda ya bar shi ya ƙara wa kansa kwana. Wancan ya turo na mai cewa ganye abincin awaki ne, ƙarfin ɗan Adam na cikin nama. Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma neman lafiya ma an umarce mu da shi, saboda haka yana da kyau a san abin da masu bincike suka gano da gaske.

Binciken da masu gudun nama suka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a kan mabiya wata ɗarikar Kirista da ake kira Adbentis, a Amurka da Kanada, ƙarƙashin jami'ar Loma Linda ta jihar Kalifoniya. Da yawa daga cikin mabiyanta ba sa cin nama, kuma kusan dukkansu ba sa shan taba ko giya. An bibiyi mutum fiye da 73,000 na kusan shekara shida. Sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna mutuwa ta ragu da kashi 12 cikin 100 a tsakanin masu ƙaurace wa nama, idan aka kwatanta da ƴan uwansu masu ci. Sai dai akwai abin da masu yaɗa labarin ba su cika faɗa ba: waɗanda suka fi kowa cin riba a binciken su ne waɗanda suka bar nama amma suna cin kifi.

A Ingila kuma jami'ar Okusfod ta shafe shekaru tana bin dubban mutane, kuma ba ta ga wani bambanci na a zo a gani ba a yawan mutuwa tsakanin masu cin nama da marasa ci. A 2019 ta fitar da sakamakon bibiyar mutum kusan 48,000 na tsawon shekara 18. Marasa cin nama sun samu ragin ciwon zuciya da kashi 22 cikin 100, amma shanyewar ɓarin jiki ta ƙaru musu da kashi 20. Idan aka mayar da lissafin kan mutum dubu a cikin shekara goma, masu ciwon zuciya sun ragu da goma, masu shanyewar jiki sun ƙaru da uku. Riba ce, amma ba irin wadda ake kururutawa ba. Kuma duk irin wannan bincike na bibiya yana da rauni guda: wanda ya bar nama don kula da lafiyarsa galibi yana motsa jiki, yana zuwa awo, ba ya yin ƙiba, don haka da wuya a tsame rabon naman shi kaɗai.

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne kan naman da aka sarrafa. A watan Oktoba na 2015, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya naman da aka adana da gishiri, hayaƙi ko sinadarai a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Jan nama kuma, irin na sa da rago da akuya, ta ce akwai yiwuwar haka sosai. Ta ƙiyasta cewa cin giram 50 na naman da aka sarrafa kowace rana yana ƙara haɗarin ciwon dajin hanji da kashi 18 cikin 100. Lambar tana da ban tsoro, amma ga fassararta: a inda mutum biyar cikin ɗari ke kamuwa da cutar, za su koma kusan shida. Kuma maganar kullum ake yi, shekara da shekaru. Kilishi, tun da gishiri da shanya da wuta duk sun ratsa shi, ya faɗa cikin wannan ma'ana. Amma mutum nawa ne a Yekuwa ko Ɗan Ciyawa ke cin kilishi kullum? Ko a birnin Damagaram tsaraba ce.

Duk mutanen da aka yi waɗannan bincike a kansu ƙosassu ne. Wanda ya bar nama a Okusfod yana da madara, cuku da ƙwai a firji, ga ƴaƴan itatuwa rani da damina, ga ƙwayoyin bitamin a kantin magani. Shi ya zaɓi ya bari. Mafi yawan mutanen ƙauyukan Magarya da Dungas kuwa sun daɗe da zama marasa cin nama ba tare da an nemi shawararsu ba, kuma hakan bai tsawaita musu kwana ba. Ana ta kai, wa yake ta kaya?

Matsakaicin tsawon rai a Nijar bai wuce shekara sittin da ƴan kai ba. Mutane kan ɗauka ma'anar wannan ita ce tsofaffinmu na mutuwa da wuri, alhali kowane ƙauye na da dattawa ƴan tamanin. Abin da ke jan lissafin ƙasa shi ne mutuwar ƙananan yara: fiye da yaro ɗaya cikin goma ba ya kai shekara biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin mace-macen yara ƴan ƙasa da shekara biyar a duniya na da alaƙa da ƙarancin abinci mai gina jiki. Mutanen Magarya ba sa buƙatar a karanta musu wannan a takarda. Tun yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta Na-gari-na-kowa, wato MSF, ke aiki a yankin, tun Dungas na cikin gundumar Magarya, kafin a ba ta tata gundumar a 2011. Kowace damina, idan rumbu ya ƙare sauro kuma ya yi yawa, sashen yara na asibitin Magarya kan cika ya batse. A 2018 ƙungiyar ta bayyana cewa an kai lokacin da kimanin yara goma ke rasuwa kullum a wurin, mafi yawansu saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Binciken abinci na ƙasa kuma ya sha nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na yaran Nijar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma jihohin Damagaram da Maraɗi na sahun gaba.

A duba abin da ake ba yaro mai tamowa a asibiti. Ƴar ledar nan ta Plumpy'Nut, wadda mata ke kira biskit, wadda likitan Faransa André Briend da kamfanin Nutriset suka ƙirƙiro a 1996, tunkuzar gyaɗa ce da sukari da mai da bitamin, sai kuma garin madara. Madarar nan ba don daɗi aka sa ta ba. Cikin yaro ɗan wata takwas bai fi ƴar ƙaramar ƙwarya ba. Idan aka cika shi da tsinkakken kunu, ya ƙoshi, amma abin da zai gina masa jini da ƙashi da ƙwaƙwalwa bai shiga ba. Abin da ya fito daga dabba yana tattara amfani mai yawa a loma kaɗan. Bitamin B12, wanda jijiyoyi da jini ba sa yi sai da shi, ba a samunsa yadda ya kamata sai a nama, kifi, ƙwai da nono. Sinadarin ƙarfe na cikin nama da hanta jiki ya fi saurin tsotsarsa fiye da na cikin hatsi da wake, domin ƙwayar hatsi na ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ƙarfen da zinki ya hana hanji ɗauka. Uwar da B12 ya yi mata ƙaranci, nononta ma zai zo da ƙarancinsa.

An gwada abin a aikace. A ƙasar Ekwado an riƙa ba jarirai ƴan wata shida zuwa tara ƙwai ɗaya kullum har wata shida, sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna tsumburewa ta ragu da kusan rabi. Da aka maimaita gwajin a Malawi ba a ga wannan tasiri a tsawon yara ba, a yankin da dama yaran kan samu ƙananan kifi. Wato ƙwai ba laya ba ne. Ba zai tsayar da zawo ko zazzaɓi ba. Duk da haka, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2023 ba ta da kwana-kwana: yaro daga wata shida zuwa 23, bayan nonon uwa, a riƙa ba shi nama ko kifi ko ƙwai kowace rana.

Talauci na da kaso mafi tsoka a wannan matsala, amma ban yarda shi kaɗai ba ne. Ranar da aka yi sa'a nama ya shigo gida, kowa ya san akushin da tsokar ke faɗawa. Maigida ne, sai baƙo idan akwai. Yara a ba su ƙashi su tsotsa, ɗan yaye kuwa a ce ba shi da haƙori. Ƙwai ma har yanzu akwai gidajen da ake cewa idan yaro ya saba da shi zai tashi da ɗauke-ɗauke, mai ciki kuma a hana ta. Abin takaici, zabi na zuba ƙwai ne da damina, daidai lokacin da tamowa ke kwasar yara, amma sai a tattara shi kaf a kai wa mai shayi. Al'adarmu ta san nama na mayar da jini, shi ya sa ake yi wa maijego ƙauri da gashi mai yaji. Kuskuren shi ne ana jira sai ta sauka, alhali wata taran da ta yi ɗauke da ciki ne jininta ya fi neman taimako.

Wannan ba raini ba ne ga abin da gona ke bayarwa. Masana abinci a ƙasashen da suka ƙoshi yanzu roƙon mutanensu suke su koma ga irin abin da muke da shi: hatsin da ba a cire masa dusa duka ba, wake, gyaɗa, riɗi, ganye. Haɗa hatsi da wake a ciki ɗaya yana cike giɓin da kowannensu ke da shi. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ɗanwake, ƙosai, awara, fura da nono, duk abinci ne na ƙwarai, kuma babban mutum mai lafiya zai iya rayuwa a kansu da ɗan abin dabba jefi-jefi. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu, yana rage wancan sinadari mai riƙe ƙarfe. Matsa lemun tsami ko sa tumatir a abinci na taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen, shayi mai kauri daidai bayan cin abinci kuwa rage shi yake. Fara ma, wadda ake soyawa a kasuwanninmu, abin gina jiki ce sosai, in dai ba wadda feshin magani ya kashe ba ce. Nono kuma a tafasa shi kafin a ba yaro.

Gargaɗi kan yawan cin nama yana da masu shi a cikinmu, kuma sun san kansu. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da kowane dare sai ya tsaya wurin mai tsire ko balangu, ya haɗa da kitse da yaji mai gishiri da dunƙulen magi, ya kora da lemun kwalba, daga mota sai kujera, shi ne ya kamata ya ji tsoron hawan jini da ciwon suga da na zuciya. Asusun Binciken Ciwon Daji na Duniya ya ba da shawarar kada jan nama dafaffe ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako, wato kamar ci uku. Wurin da wuta ta ƙona ya yi baƙi ma gara a cire shi.

Saboda haka maigida, idan Allah ya hore aka sayo nama ranar kasuwa, a fara yankar ɗan abin hanta a dafa a murje wa ɗan yaye a cikin abincinsa, a zuba wa mai ciki nata kafin a rufe akushinka. Uwargida kuma, idan zabi sun fara zuba a bana, kafin a ƙirga wa mai shayi a ware na yaro tukuna.