Mesar gardi da akwatinta

Ranar kasuwa, a Gazawa ko Gidan Rumji, wani lokaci gardi yakan zo da macizai cikin akwati. Babbar cikinsu ita ce mesa. Mesa ba ta da dafi. Nannaɗe dabba take yi, ta matse ta, sannan ta haɗiye ta ɗungum. Amma tana da haƙora, kuma tana cizo.

Sabuwar mesa takan ƙi cin abinci, kuma sau da yawa laifin akwati ne. Jikinta ba ya yin ɗumi da kansa kamar na akuya, daga waje take samunsa. In sanyin hunturu ya shiga akwati, abinci ba ya narkewa a cikinta. Sai ta ƙi ɓeran da aka ba ta, ko ta amayar da shi. In kuma aka bar akwatin a rana lokacin bazara, zafi zai kashe ta. Don haka ake son gefe ɗaya da ɗumi, ɗaya da sanyi, ta zaɓa da kanta. Ana sa mata kaskon ruwa, da fasasshiyar tukunya a kife inda za ta ɓuya.

In idonta ya yi hazo-hazo, saɓa za ta yi, a ƙyale ta. In saɓar ta manne, akwatin ne ya bushe, sai a sa jiƙaƙƙen buhu. Murfi kuwa a ɗaure shi tam, don tana iya ture shi.

Yara, kada ku kama maciji a gona kuna cewa ɗiyar mesa ce. Kububuwa ma tana da zane a baya, dafinta kuwa yana kisa.