HASARAR WUCIN GADI: YADDA RUMBUN KIRIFTO KE CIN JARIN MAI ZUBI

Duk mai bin labarin kuɗin kirifto ba zai rasa jin ana kwaɗaita wa jama'a wata sana'a ba, wai mutum ya zuba kuɗinsa cikin rumbu, ya koma gefe, la'ada na shigo masa dare da rana. Maganar la'ada gaskiya ce. Sai dai akwai wani rami a hanyar, wanda masana ke kira hasarar wucin gadi, kuma ba kasafai masu tallar ke ambatonsa ba.

Kasuwar Uniswap, wadda Hayden Adams ya buɗe cikin watan Nuwamba 2018 a kan tsarin Ethereum, ba ta da dillali ko banki. Mai zubi yakan kawo kuɗi iri biyu masu daraja ɗaya, masu saye da sayarwa su riƙa musaya daga ciki. A tsarinta na farko da na biyu, ana biyan la'adar da ta yi daidai da kwabo 30 cikin kowace naira 100. Ka'idar rumbun kuwa guda ce: adadin wannan kuɗi sau adadin wancan, amsar ba ta canjawa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Mu ce wani ya zuba Ita guda, watau kuɗin Ethereum, sa'ad da take dala 1,000, haɗe da USDC na dala 1,000. Sai farashin Ita ya haura dala 4,000 a sauran kasuwanni. Rumbu dai bai san an yi ba. Nan da nan 'yan baranda za su yi ca, su yi ta kwasar Ita da araha har farashin ya daidaita. Ran da mutumin ya zo janye rabonsa, rabin Ita zai tarar da USDC 2,000, jimla dala 4,000. Alhali kuwa da ya bar kuɗinsa a aljihu, da dala 5,000 gare shi. Kashi 20 cikin 100 ke nan ya salwanta, sai fa abin da la'ada ta cike. Ko ninki biyu kawai farashin ya yi, giɓin ya kai kusan kashi 5.7, kuma haka abin yake ko hawa aka yi ko sauka.

Sunan ma kansa yana da ruɗi. An ce wucin gadi ne domin in farashi ya koma inda ya faro, giɓin ya toshe. Amma wa ya yi wa mai zubi alkawarin zai koma? Waɗanda suka haɗa kuɗinsu da LUNA, wadda ta durƙushe cikin Mayu 2022, tarin abin da ba shi da daraja aka bar musu.

Tsari na uku da Uniswap ta fito da shi a Mayu 2021 ya ba mutum damar tattara jarinsa a ɗan tsakanin farashi. La'ada ta ƙaru, hasara ma haka. Wani bincike da aka yi da hannun Bancor a wannan shekara ya duba manyan rumbuna 17, ya gano la'ada ta kai dala miliyan 199, hasarar kuwa miliyan 260, kuma kusan rabin masu zubi gara a ce sun riƙe kuɗinsu. Ita Bancor ɗin, da ta yi alkawarin biyan diyyar irin wannan hasara, ta dakatar da biyan cikin Yuni 2022, daidai lokacin da kasuwa ta faɗi, masu zubi ke rububin janye kuɗinsu.