Alƙalami Ba Ya Karya Haƙuri

Na gaji da wata magana da ke yawo a gidajen makoki daga Ikara zuwa Makarfi da Hunkuyi: wai mai takaba, idan aka gan ta tana rubuta abin da ke cin ranta, to ba ta miƙa lamarinta ga Allah ba. Wasu har cewa suke hira take da mamaci. Sai uwar miji ta ƙwace littafin ta cilla a murhu.

Don Allah, wa zai koya wa Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu haƙuri? Da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, marsiyya ta yi masa. Haka ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, haka ta yi wa aminiyarta A'isha. Malaman Sakkwato ba su ce ta kauce hanya ba, kwafar waƙoƙin aka yi ana adanawa. Manzon Allah (SAW) ma ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da sukar ƙaddara. Ina ruwan takarda da wannan?

Baƙin cikin da aka haɗiye a jiki yake fita: ƙirji ya yi nauyi, barci ya ƙaurace, abinci ya ƙi shiga. A wani bincike da aka wallafa a 1986, wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su rubuta abin da ya fi ƙona musu rai, minti 15 kullum har kwana 4. A watannin da suka biyo baya, zuwansu asibiti ya ragu.

Saboda haka, 'yar'uwa, nemi littafi ko na ɗan firamare ne. Bayan Asuba, kafin masu gaisuwa su cika gida, zauna ki ja numfashi, ki fara da inda ke miki ciwo, wuya ne ko ciki. Da boko ko da ajami, duk ɗaya. Babu mai duba kuskure. Idan kuka ya ci ƙarfinki, ajiye sai gobe. Wadda ba ta iya rubutu ba ta faɗa wa 'yarta ta rubuta. Kada a zuba shi a Facebook, can 'yan kallo ne. Maza masu makoki ma su rubuta.

Amma idan makonni suka shuɗe mutum ba ya ci ba ya barci, ko yana ambaton kashe kansa, rubutu bai isa ba. A kai shi Babban Asibitin Ikara ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Ku kuma surukai, ku ji tsoron Allah ku bar wa mai takaba littafinta.