Suyar kafe a gida: na'urar da ke tsaron wuta

Mu masu buɗe tasha da asuba, kafe abokin aikinmu ne. Kafin in zauna gaban mikro na riga na biya ta teburin mai shayi, an zuba mini cokali guda na Nescafé da madara da sukari, kuma shekara da shekaru abin da na sani ke nan da sunan kafe. Sai ran nan wani ɗan'uwana direban babbar mota ya dawo daga Abijan, ya kawo mini tsarabar ɗanyen kafe, wasu ƴaƴa masu launin kore-kore, masu tauri kamar tsakuwa, babu ko ɗigon ƙamshi tattare da su. Ya ce in soya kamar gyaɗa.

Na ɗora kasko. Na farko ya ƙone ƙurmus, ɗacinsa ya fi na maɗaci. Na biyu baya ya yi baƙi, ciki kuwa ɗanye. Na ukku ya yi daɗin da har yau ban manta ba. To, na huɗu da na biyar da sauransu duk neman na ukku nike yi, kuma har tsarabar ta ƙare ban sake samun shi ba, alhali kasko ɗaya ne, wuta ɗaya ce, hannu ma ɗaya ne.

Ashe wannan matsala ba tawa ba ce ni kaɗai. Ita ce ta sa wasu masu sha'awar kafe a Amurka da Turai suke zama a garejin gidajensu, da ƙarfen liƙi da dalma, suna haɗa wata ƴar na'ura wadda aikinta shi ne ta auna zafi, ta ƙara wuta ko ta rage, ta kuma riƙe yadda aka yi jiya don a maimaita yau. Mai kula da na'urorin tasharmu ne ya zaunar da ni ya warware mini yadda abin yake, ni kuma na ga ya kamata in kawo ma mai karatu.

Da farko sai mun san abin da ke faruwa cikin ƙwayar kafe idan ta ji wuta. Ɗanyen kafe yana da ruwa a jikinsa, wajen kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Mintocin farko ruwan ne ke fita. Idan zafi ya kai wajen digiri 150 sai ƙwaya ta fara komawa rawaya, sannan ruwan ƙasa, domin sukarin da ke cikinta yana haɗuwa da sinadaran furotin, irin haɗuwar da ke sa bayan burodi da tsire su yi ja su yi ƙamshi. Wani Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ne ya bayyana wannan haɗuwa a 1912. A wajen digiri 196 zuwa 205 tururin da ya taru a ciki yana fasa ƙwaya, sai ka ji ƙas-ƙas kamar gugguru. Masu sana'ar suna ce ma wannan fashewar farko, kuma daga nan kafe ya shawu. Idan aka ci gaba har wajen digiri 225 sai a ji fashewa ta biyu, wadda ba ta kai ta farko ƙara ba, mai ya fito a bayan ƙwaya, ɗaci ya ƙaru. Kaɗan bayan wannan, gawayi ne. Tsakanin fashewar farko da ta biyu ƴan mintoci ne kawai, a wuta mai ƙarfi ma bai kai haka ba, kuma duk bambancin ɗanɗano a nan yake. Ke nan kaskona na ukku dace ne kurum aka yi.

A Habasha, inda kafen arabika ya samo asali, da kuma Sudan, inda ƴan'uwanmu Hausawa mazauna can suka saba da jabana, har gobe a kan garwashi ake suya, kuma matan da ke yi ba su buƙatar ma'auni. Hanci da kunne da ido sun ishe su, tun da kullum suna yi. Ma'aikacin da ke suya sau ɗaya a mako, ranar hutu, ba ya da wannan sabo. Shi ne ke neman na'ura.

Me ya sa yake wahalar da kansa, ga soyayye a kanti? Saboda soyayyen kafe cikin ƴan makonni ƙamshinsa ke gushewa, ɗanye kuwa yana iya kai shekara a ajiye. Akwai kamfanoni irin su Sweet Maria's na Amurka, wanda aka kafa a 1997, da ke sayar ma mutane ɗanyen kafe kaɗan-kaɗan don suya a gida. Injinan suya na gaske suna da tsada, don haka da yawa sukan fara da injin yin gugguru mai hura iska mai zafi, wanda suke saye kwance da arha. Wani tsohon samfuri mai suna Poppery na kamfanin West Bend ya yi suna ƙwarai a wajensu. Cikin injin abu biyu ne: wayar da ke yin ja idan lantarki ya ratsa ta, irin ta rishon lantarki, mai cin wat 1200 zuwa 1500, da fanka da ke hura iskar ta juya ƙwayoyi. Yana ɗaukar abin da bai wuce giram 100 ba. Aibinsa gaggawa, cikin minti 5 ko 6 ya gama, baya ya soyu ciki bai nuna ba, kamar dai kaskona na biyu. Abin da ake so shi ne a ja suyar ta kai minti 8 zuwa 12, zafi yana hawa sannu a hankali.

Aikin farko shi ne raba fanka da wayar zafi. A yawancin injinan nan fankar daga jikin wayar zafi take samun wutarta, don haka idan ka rage zafi, fanka ma ta rage gudu, ƙwayoyi su daina juyawa su ƙone. Sai a yanke wannan haɗi, a ba fanka wutarta daban, ta yi ta juyawa ko da an kashe zafi.

Daga nan sai ma'auni. Ba irin na likita ba, wanda zai fashe tun kafin a je ko'ina. Ana amfani da abin da ake kira tarmokupul, wato wayoyi biyu na ƙarfe daban-daban da aka haɗe bakinsu wuri guda. Idan bakin ya yi zafi sai wani ɗan lantarki ya bayyana tsakanin wayoyin, abin da Bajamushe Thomas Seebeck ya gano tun 1821 (waɗanda suka yi ajin kimiyya a lise wataƙila sun tuna, ni dai sai yanzu na san amfaninsa). Nau'in da aka fi sa ma injin suya shi ne mai lamba K. Lantarkin da yake bayarwa ƙanƙane ne ƙwarai: a digiri 200 bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na bolt guda ba, alhali batirin tocila bolt 1.5 ne. Shi ya sa ake haɗa shi da wani ɗan guntu, MAX6675 ko MAX31855, wanda ke karanta wannan ɗan lantarki ya mai da shi lamba. Ana huda jikin injin a cusa bakin ma'aunin cikin tsakiyar ƙwayoyi. Inda aka cusa shi yana da muhimmanci, domin idan ya taɓa ƙarfen injin, zafin ƙarfe zai riƙa faɗa maka, ba na kafe ba.

Lambar tana tafiya zuwa ga ƙwaƙwalwar na'urar. Yawanci wani ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba, mai suna Arduino, wanda aka ƙirƙiro a 2005 a garin Ivrea na Italiya don ɗaliban da ba injiniyoyi ba. Massimo Banzi yana cikin waɗanda suka yi shi. Tsarinsa a buɗe yake, kowa na iya kwaikwaya, shi ya sa ya yi arha ya bazu duniya. Ana rubuta masa umurni a kwamfuta a ɗura masa ta waya. Amma da bolt 5 yake aiki, ba ya iya taɓa wutar gida. Tsakaninsu sai an sa wani makunni wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, ana ce da shi SSR. Arduino ya aika masa ƴar alama, shi kuma ya buɗe ko ya rufe babbar wutar. Idan ana son rabin zafi, sai cikin kowane sakan guda a kunna rabin sakan a kashe rabi. Idan ana son kashi 70, a kunna kashi 70 na sakan. Makunni na hannu ba zai jure wannan kunna-kashe ba.

To, a nan ne ainihin wuyar take, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa. Mutum zai zaci abin mai sauƙi ne: idan zafi bai kai ba a kunna, idan ya wuce a kashe. Sai dai zafi yana da nawa. Ka kashe wuta yanzu, waya da ƙarfen injin suna nan da zafinsu, ma'auni ya ci gaba da hawa har ya zarce inda kake so. Ka kunna, sai an jima kafin ya motsa. Duk macen da ta taɓa dafa madara ta san wannan, ba ta jira sai ta taso kafin ta janye itace.

Maganin ya fito ne daga teku. A 1922 wani injiniya haifaffen Rasha mazaunin Amurka, Nicolas Minorsky, ya lura da yadda gwanayen matuƙan jirgin ruwa ke riƙe hanya. Ya ga ba kaucewar yanzu kaɗai suke dubawa ba. Suna duba nisan da jirgi ya kauce, suna duba tsawon lokacin da ya ɗauka a kauce, suna kuma duba saurin da yake kaucewa ko dawowa. Ya mai da waɗannan ukku lissafi, aka gwada a jirgin yaƙi New Mexico a 1923. Wannan lissafi shi ne ake kira PID, kuma shi ne Arduino ke yi sau da yawa cikin kowane minti: digiri nawa suka rage, tun yaushe ake baya, da wane sauri ake matsowa. Idan ya ga ana matsowa da gudu sai ya fara rage wuta tun kafin a iso, kamar mai madara. Kowanne cikin ukkun nan yana da nauyin da mai na'ura zai ba shi da kansa, kuma babu lambar da ta dace da kowane inji. Sai an gwada, an ƙona ƙwaya, an gyara, an sake. Wanda ya ba na farko nauyi fiye da kima zai ga zafi yana hawa da sauka kamar lilo.

Idan an daidaita, mai suya ba digiri guda yake ba na'urar ba, hanya yake shata mata: minti kaza a kai digiri kaza, minti kaza a kai kaza. Akwai manhajar kyauta mai suna Artisan wadda ke zana wannan hanya a allon kwamfuta yayin da ake suya, ta kuma ajiye ta. Ranar da kafe ya yi daɗi, sai a kira zanen ranar a ce ma na'ura ta bi. Abin da na rasa ke nan a kaskona.

Amma fa a yi hattara, domin wasan ba na yara ba ne. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu 220 ce, kowacce tana kisa, kuma wanda ya kwafi tsarin Amurkawa ido rufe ya jona a nan zai ƙone kayansa, in ma abin ya tsaya a kan kaya. SSR yana yin zafi, dole a ɗaura shi a kan ƙarfen da ke shanye zafi, ga shi jabunsa sun cika kasuwa. Mafi muni, idan ya lalace yawanci a kunne yake maƙalewa, Arduino yana cewa a kashe, wuta tana ci gaba. Haka nan idan fanka ta tsaya waya tana ja, cikin ƙanƙanin lokaci injin ya kama. Ƙaiƙayin da ke fita daga bayan ƙwaya, mai kama da fatar gyaɗa, da wuri yake cin wuta. Saboda haka masu hankali cikinsu suna sa fis mai tsinkewa idan zafi ya wuce kima, suna haɗa wayoyi ta yadda zafi ba ya kamawa sai fanka na juyawa, suna rubuta umurnin a kashe komi idan ma'auni ya daina magana, suna kuma barin makunnin hannu kusa. A ganina wanda bai yi waɗannan ba bai gama aiki ba, ko da kafensa ya fi na kowa daɗi. Suyar kuma a fili ake yin ta, saboda hayaƙinta yana da iskar nan mai guba irin ta garwashi a rufaffen ɗaki, kuma ba a tafiya a bar ta.

Na'urar ma tana da iyakarta. Ba ta jin fashewar farko, kunnen mutum ne ke ji. Kafen bana ba shi ne na bara ba, na Habasha ba shi ne robustan Kwaddibuwa ba, kuma injin da aka saita da sanyin hunturu zai canza hali cikin zafin watan Afrilu.

Mu nan ba mu noman kafe, masu suyarsa a gida ma ba su da yawa. Sai dai da mai kula da na'urorinmu ya gama zana mini tsarin a bayan takardar shirye-shirye, sai ya nuna mini cewa idan aka cire injin gugguru aka sa akwati, aka canza ma'auni, aka ce ma lissafin ya tsaya a digiri 37.5 har kwana 21, an samu zuciyar injin ƙyanƙyasar ƙwan kaji. Kayan haɗin ba su fi ƙarfin masu gyaran rediyo da salula na kasuwannin Maraɗi da Damagaram ba, waɗanda kullum dalma na hannunsu.

Ni dai ban kai ga Arduino ba tukuna. Na samu tarmokupul guda da ɗan allon da ke nuna lamba, na ware littafi na ja layuka, minti a hagu, digiri a dama. Ɗan'uwan nawa ya ce zai sake hanyar Abijan bayan salla, na kuma roƙe shi kilo 2.