Gargaɗi: A San Abin Da Ake Dasawa Kafin 3 Ga Agusta

Jama'ar Damagaram, masu unguwanni na Birni da Zango da Sabon Gari, shugabannin makarantu da limamai, a saurara. Ranar dashen itatuwa ta ƙasa, 3 ga Agusta, ta matso, masu sayar da dashe sun fara baje haja. Kada wanda ya karɓi dashen da bai san sunansa ba.

Na farkon abin gudu shi ne ƙayar nan baƙuwa da ake kira furosofis, wadda aka kawo daga nahiyar Amurka don tare hamada. Ba ta jin fari, shi ya sa ake sha'awarta. Amma ƙurar furenta tana tayar da asma, tana sa atishawa da ƙaiƙayin ido, ga mu kuma da ƙurar hunturu da ta riga ta cika wa yara da tsofaffi ƙirji. Awaki su ci 'ya'yanta, su baza irin a kashinsu, kafin a ankara ta cinye fili. Kada a dasa ta kusa da makaranta, asibiti ko masallaci.

Haka furen adon nan mai siririn ganye da ake kira loriye: ganyensa da furensa da itacensa duk guba ne, ko hayaƙinsa yana cutarwa. Tumfafiya kuwa tamu ce, amma farin ruwanta yana lalata ido. In ya shiga idon yaro, a wanke da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti, ban da maganin gida.

Wasu sun riga mu ƙonewa. A 2023 jihar Gujarat ta Indiya ta hana dashen konokarfus, itacen adon da ya cika garuruwanta, saboda ƙurar furensa da saiwarsa mai fasa magudanan ruwa.

Mu da muke da gawo! Har yau ana ba da labarin yadda Sarkin Damagaram Tanimu ya tsananta hukunci a kan mai saran gawo, kuma manoman Matamaye da Magariya da Mirriya sun raya shi a gonakinsu har duniya ta zo kallo. Ga tsamiya, ga kurna, ga aduwa, ga maɗaci. Ba sa saurin girma, gaskiya ne, amma sun san ƙasarmu.

Kafin ku haƙa rami, ku kai dashen wurin ma'aikatan gandun daji su faɗa muku ko mene ne. Wanda ya ji ya sanar da maƙwabcinsa.