Lissafin Kwanakin Noma

Jama'a manoma, makon nan ba zancen iri ko taki za mu yi ba, zancen lissafi ne. Kada mai karatu ya ce wannan aikin 'yan makaranta ne. Ciyawa ba ta jira, wanda kuwa ya kuskure kwanakin noman fari, a rumbu zai ga sakamakon.

Ga tambayar da na kan yi wa mutane in na fita rangadi. Mutum yana da gonar dawa, in shi kaɗai ne sai ya kwana 12 kafin ya nome ta. Akwai wani ɗan ƙodago, saurayi mai ƙarfi, shi a kwana 6 ya ke gama irinta. In sun haɗu, kwana nawa za su yi? Galibi sai a ce da ni 9, watau an tara 12 da 6 an raba biyu. To, ku duba. Saurayin nan shi kaɗai kwana 6 ya ishe shi, ƙaƙa za a ba shi mataimaki aikin ya ƙara daɗewa?

Kuskuren shi ne tara kwanaki. Abin da a ke tarawa aikin yini ɗaya ne. A ce gonar kunya 120 ce. Mai gona yana yin 10 a yini, ɗan ƙodago 20, su biyu 30 ke nan. Kwanakin da ba mu sani ba mu sa musu harafin k, mu rubuta haka: 30k = 120, watau 30 sau k daidai ya ke da 120. A raba kowane gefe da 30, sai k ya fito 4. Kwana 4 tak.

Wannan dabara ita a ke kira aljabara. Sunan daga Larabci ya ke, daga littafin da Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Dokarta ɗaya ce da ta sikelin awon gyaɗa: abin da ka ɗebe a hannun dama, ka ɗebe irinsa a hagun, abin da ka raba a nan, ka raba a can.

Amma a gona ba kullum a ke fara aiki tare ba. A ce mai gona ya kwana 3 yana fama shi kaɗai, sa'an nan ya samo ɗan ƙodagon. Ya riga ya yi kunya 30. Sai mu rubuta 30 + 30k = 120. A ɗebe 30 a kowane gefe, saura 30k = 90, k ya zama 3. Jimla kwana 6. Ashe jinkirin nemo mataimaki ya ci masa kwana 2.

Kullum ku gwada amsa kafin ku yarda da ita. Mai gona kwana 6 sau 10, kunya 60. Saurayi kwana 3 sau 20, shi ma 60. An sami 120, lissafi ya tsaya. Nan kuma gardamar biya ta ƙare, gama ko da ya ke kwana 3 kaɗai ya yi, rabin gonar ya nome, ladan rabi kuwa za a ba shi.

'Yan kasuwa ma haka. Wanda ya yi shatar mota naira 30,000, yana cin ribar naira 2,000 a kowane buhu, sai ya ɗora buhu 15 kafin ya mai da kuɗin mota. Daga na 16 riba ta ke somawa.

Sai dai in gargaɗe ku, takarda ba ta san an yi ruwa da asuba ba, ba ta kuma san ƙasa mai laka ba. Ni in alkalami ya ba ni kwana 4, guzurin kwana 5 na ke cewa a tanada.